Tuffar Auta a Kwallar Goro

Ni ce 'yar farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan za ta kira ni sai ta ce "ke", idan tana ba wani labarina sai ta ce "waccan". Ba ta yaba mani a gabana, ban kuma taɓa jin an ce ta yaba a bayan idona ba. Haka ta tarar ana yi a Tsarnawa, haka uwarta ta yi wa yayarta. Na girma ban ɗauki abin da zafi ba, tun da duk 'yan farin unguwarmu kunyar nan ake yi masu. Sai da na haura arba'in, har na aurar da ɗiya, sannan wani kwalin tuffa ya zo daga Yamai, na gane ashe abin yana nan kwance a raina.

Lokacin Baba ya shekara uku da rasuwa. Inna ta ƙi barin ɗakinta, ta ce daga nan za a ɗauke ta. Gidan mijina lungu biyu ne tsakaninsa da gidanmu, saboda haka hidimarta ta faɗo kaina ba tare da kowa ya zauna ya raba ba. Tana da hawan jini, abin da muke ce wa tansiyo, ga kuma maƙarƙashiya da ke ɗaure mata ciki kwana uku, wani lokaci huɗu. Da safe in kai kunu, in tsaya a kanta har ta haɗiye ƙwayar magani, don idan na juya baya a ƙarƙashin tabarma take tura ta. Da rana in kai tuwo da miyar da ba gishiri, ta ɗanɗana ta ture, ta ce wa bango: "Miyar waccan sai ka ce ruwan wanke hannu." In yi mata kwaɗon zogale, in wanke mata kaya, in yanke mata farce, in tsefe mata ɗan gashin da ya rage. Ban taɓa jin nauyin aikin ba. Abin da ya faru daga baya ba gajiya ce ta kawo shi ba.

Auta kuwa shekara goma sha biyu na ba ta. A bayana ta girma, ni na koya mata ɗaurin zane. Tana aure a Yamai, tana zuwa gida sau biyu a shekara, kuma ina son ta. Ina faɗin haka tun yanzu don kada a ɗauka akwai wata tsohuwar gaba tsakaninmu.

Cikin bazara ta zo, bayan la'asar, ana zafin nan da ko kaji ba sa fitowa daga gindin randa. Ina durƙushe a murhu ina hura wutar miyar dare sai ga ta da kwali a ka, ta ƙi yarda kowa ya karɓa mata tun daga bakin titi. Ta dire shi gaban Inna.

"Inna, ga maganinki na kawo maki."

"Magani cikin kwali? Likitar Yamai duka kinka kwaso?"

"Buɗe ki gani. Pom ce, tuffa."

Kowace ɗaya an naɗe ta da 'yar takarda mai laushi, an zaunar da ita cikin gurbinta kamar ƙwai. Jajaye ne, da ɗan tsanwa wajen hanci. Ashirin da huɗu, na ƙirga daga inda nake. Inna ta sha ganin irinsu an jera a teburin masu kayan marmari a Konni, amma ba ta taɓa kai ɗaya baki ba. Ni ma sau biyu na taɓa ci a rayuwata. Ta ɗauki ɗaya da hannu biyu, ta goge ta da zanenta, ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Ƙamshi kamar ɗakin amarya," in ji ta.

Auta ta zauna a gefen tabarma tana kwance mata bayani. Ta ce lokotoron da ke duba uwar mijinta ne ya sa ake ba tsohuwar kullum ɗaya. Ta ce tana sakin ciki, tana taimakon zuciya, kuma zaƙinta ba irin na lemun kwalba ba ne. Inna tana gyaɗa kai kamar ana yi mata tafsiri.

"Allah shi yi maki albarka, Auta. Allah shi ba ki masu yi maki. Allah shi yi maki albarka."

Sau uku ta faɗa kafin magariba. Hayaƙi yana shiga mani ido, na bar shi ya ɗauki laifin.

Gwaggo ta leƙo ta saman katanga. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, gidanta ke manne da namu, kuma bakinta bai taɓa hutawa ba. Ta zagayo, aka ba ta ɗaya ta shinshina, ta mayar, sannan ta waiwayo ni.

"To, 'yar fari, kin ga masu zuwa da magani. Ke kullum zogale, kullum zogale, tsohuwa ta kusa fara kukan akuya."

Aka yi dariya, har da ni. Auta ta ce, "Gwaggo, ki bar mani Yaya, ita ke da aikin duka." Da gaske ta faɗa, kuma wannan ya fi maganar Gwaggo yi mani ciwo. Na ji kamar mai gida ce take yaba wa 'yar aiki. Na saci kallon Inna ko za ta ce wani abu. Tana can tana jera tuffa a gurabensu.

Kwana biyu Auta ta yi. Ranar da za ta koma na raka ta zaure, ta riƙe hannuna.

"Yaya, kada ruwa shi taɓa su sai lokacin ci. A sa su wuri mai iska, inda ba rana. Kullum ɗaya, kin ji?"

Na ce to.

A makon ne ranar awon Inna ta zo. Muka tafi likita, wato asibitin garinmu, ita kuma ta ƙulle tuffa ɗaya a bakin mayafinta don ta nuna wa majo, babban ma'aikacin jinya na wurin. Mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da "ina ke ciwo" ba. Tun da na yi lakwal, karatun boko, har aji huɗu na kwaleji, da Faransanci yake yi mani bayani, ni kuma in juya wa Inna. Duk hanya ina fata a raina ya yi dariya, ya ce wannan kwalliyar 'yan birni ce kawai.

Bai yi dariya ba. Ya juya tuffar a hannunsa, ya ce abu ne mai kyau ga mai irin larurarta. Ya ce a cikin tsokarta, musamman a ɓawon, akwai wani abu mai aiki kamar dusar hatsi, yana riƙe ruwa a hanji yana tura abin da ya tsaya, shi ya sa take taimakon mai maƙarƙashiya idan ana haɗawa da shan ruwa sosai. Ya ce shi wannan abin yana rage kitsen da ke taruwa cikin jini, ita kuma ba ta da gishiri, ba ta da maiƙo, don haka zuciya ba ta wahala da ita. Zaƙinta a hankali yake shiga jiki. A wanke ta da kyau saboda kakin da ake shafa mata don tafiya mai nisa, a cire 'ya'yan ciki, amma kada a fere ta. Sai ya ɗaga yatsa ya ce ba ta maye gurbin ƙwayar tansiyo, kuma wanda bai samu tuffa ba kada ya damu, gwaiba da mangwaro da zogale da wake duk suna irin wannan aiki.

Na fassara. Amma na san yadda na fassara. Amfanin tuffa na taƙaita shi a jimla biyu, zogale kuwa na shimfiɗa shi, na ƙara masa da abin da majo bai ce ba. Inna ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ashe Auta ta yi gaskiya."

Daga ƙarshe majo ya sa ta buɗe baki. Haƙora huɗu suka rage mata, biyu na motsi. Ya ce mani ba za ta iya cizon wannan ba, in riƙa goge mata da ɓawon, ta ci nan take kafin ta sauya launi, ko in ɗan turara mata ta yi laushi.

"Mi ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce kada ki bar shan ƙwaya."

Ya faɗi hakan, ba ƙarya na yi ba. Da wannan na lallashi kaina har muka iso gida.

Abin gogewar kuwa a hannuna yake. Inna ta shekara talatin tana sayar da goro daga ɗakin nan nata, ita ma maciyarsa ce. Da haƙora suka tafi sai ta koma goge shi da magogi, wani murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. Da majo ya hana ta goro saboda tansiyo, ni na ɗauke magogin na kai gidana, na rataye a ƙusar madafa. Mun yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata a kan haka. Tun daga nan ba ta sake ambatonsa ba, kuma na san ko za ta mutu ba za ta roƙe ni shi ba.

Washegari na shigo da kunu na tarar ta jawo tsohuwar kwallar goronta daga ƙarƙashin gado. Ta kwance tuffa duka daga takardunsu. Ta jiƙa tsumman buhun algarara, ta shimfiɗa a ƙasan kwalla, tana jera su a kai, tana tsoma yatsu a ƙwarya tana yayyafa masu ruwa, da irin karkaɗa hannun da na sani tun ina rarrafe. Fuskarta ta yi haske. Rabon da in ga hannuwanta suna aiki da jin daɗi haka tun Baba na da rai.

"Wagga takarda busar da su za ta yi," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "'Yan birni ba su san ajiya ba. Abu mai daraja sanyi shike so."

Ta rufa masu wani jiƙaƙƙen tsumma, ta danna murfin kwalla, ta tura ta lungun gado, a ɗakin da rufinsa kwano ne, cikin bazara.

Maganar Auta ta zo mani har kan harshe. Na tsaya da kwanon kunu yana ƙona mani tafin hannu. Abin da na ce shi ne, "Inna, in zuba maki yanzu ko shi ɗan huce?"

A kan hanyar gida na tara wa kaina hujjoji. Na ce ko na faɗa ba za ta ji ba. Na ce ajiya sana'arta ce, ba ni zan koya mata ba. Na ce ɗiya ba ta gyara wa uwa. Ni da nake faɗa da ita kullum a kan gishiri, ni da na ƙwace mata magogi da rana tsaka. Ko lungu na biyu ban kai ba na san abin da nake yi. So nake su lalace. So nake in ga ranar da za a buɗe kwallar nan a tarar ba komai, zogalena kuwa yana nan.

Kwanakin da suka biyo baya kwallar ta zama abin kallo. Duk wadda ta shigo gaishe ta sai Inna ta jawo ta, ta ɗaga tsumma, ta ce, "Shinshina ki ji. Auta ta kawo mani daga Yamai. Maganin tansiyo na." Wasu mata sun zo daga Alela ta'aziyya a maƙwabta, suka biyo su gaishe ta, su ma sai da aka nuna masu. Ina tsakar gida ina wanki ina ƙirga sau nawa aka ambaci Auta. Wata rana sau goma sha ɗaya. Ni kuma na shiga gasar da ba wanda ya san ana yin ta sai ni. Na ƙara ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, na aika aka sayo mata mangwaro mai laushi, na daka mata magarya. Ta ci, ta miƙo kwano, ba ta ce komai ba, kamar kullum.

Wata rana da hantsi na hango ta ta ratar labule. Ta ɗauki ɗaya ta kai gefen baki, tana neman inda haƙori zai kama. Tuffar ta sulluɓe. Ta sake gwadawa, ta runtse ido don zafi, ta dafe haɓa. Ta duba 'yan ramukan da ta bari a jikin ɓawon, ta shafa su da yatsa, ta mayar cikin kwalla, ta juya wajen ramukan ƙasa. Daga baya na ga ta yanki ɗan ƙarami da wuƙa tana tsotsa, ta gaji ta tofar. Na koma da baya a hankali, na yi gyaran murya daga zaure, na sake shigowa kamar yanzu na iso. Da yammar nan na wuce ta gaban magogin a madafata sau ba adadi.

Sallata ce ta fara gane ni. Na saba idan na yi sujada in daɗe ina roƙa wa Inna lafiya. A kwanakin nan sai in fara, in kasa ƙarasawa, don na san Wanda nake roƙo Yana ganin kwalla, Yana ganin ƙusar madafa. Sai na riƙa gajarta addu'ar, in tashi da sauri kamar na bar tukunya a wuta.

A kwana na shida na fara jin warin, wani tsami-tsami mai zaƙi, duk lokacin da na sunkuya share ƙarƙashin gado. Inna hancinta ya yi rauni. Ta ce sun fara nuna ne, ta ƙara masu ruwa. Ta daina kwance su har ƙasa, na sama kawai take ɗaga wa tsumma.

A kwana na tara cikinta ya cika kwana biyar a ɗaure. Ta ƙi kunu, ta kwanta ta gefe tana nishi a hankali, tana dafe mara. Na jiƙa mata tsamiya, ta kurɓa ta ture. Gwaggo ta shigo ta same mu haka.

"Ku kam kuna da abin mamaki. Ga magani cikin kwalla kuna yi mashi gadi. Jiran mi kuke, a sa mashi suna? Jawo ta nan, ko dakawa ne a daka mata."

Ni na jawo kwallar. Na ɗaga murfi, wani ɗumi ya bugi fuskata, ƙananan ƙudaje suka tashi. Na sama sun yi tabo-tabo. Da na ɗaga su, na ƙasa sun zama ruwan ƙasa, sun yi laushi, yatsa na nutsewa ciki, farar hunhuna ta haɗe su da tsumman. Ruwa mai wari ya taru a gindin kwalla.

Inna ta yunƙura ta tashi zaune. Ta daɗe tana kallo. Ta sa hannu ta ɗauko ɗaya, ta fashe mata a tafi.

"Na ɓata ma yarinya kaya," ta ce. "Tun daga Yamai a cinya ta riƙo su."

Gwaggo ta ce, "Haba, zafi na, wa ke iya ma bazara."

"Shekara talatin ina ajiyar goro, ƙwara ɗaya bai taɓa ruɓe mani ba. Ashe hankalin ma ya tahi, ba haƙora kaɗai ba."

Hawaye suka gangaro mata, ba sauti. Sau ɗaya na taɓa ganin haka, ranar da aka fita da Baba. Wannan ce ranar da na yi ta jira, ga ta ta zo, ga kuma abin da ta zo da shi: tsohuwa da ciwon ciki tana zargin hankalinta.

Na durƙusa. Na ce, "Inna, ba hankalinki ba ne. Ba a jiƙa su. Auta ta gaya mani a zaure, ban gaya maki ba. Majo kuma ya ce in riƙa goge maki, shi ma ban gaya maki ba."

Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Kin sani," in ji Inna. A bango ta faɗa.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kinka jiƙa tsumma."

"Kina shigowa kullum kina kallo ina zuba ruwa."

"I."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Na so ta tambaya, na riga na shirya kuka da bayani, shekara arba'in na magana na tsaye a ƙirjina. Ta goge hannunta da bakin tsumma, ta kwanta, ta juya mana baya.

"Kwashe su."

Na fitar da kwallar tsakar gida na zazzage a faifai. Gwaggo ta zauna kan turmi tana kallona ina tsinta.

"Ke da nike ce ma mai hankalin gidan. Kishi da ɗiyar da kinka goya? Da kin bari na mutu ban ga wannan ba."

"Gwaggo, ki yi mani shiru don Allah."

"Ba ni yi. Cire waccan, gefe guda na da kyau."

Biyar muka samu masu rai, da wasu rabi-rabi da na yanke wa ruɓa. Na tafi gida da sauri na ciro magogin daga ƙusa, na cuɗe shi da toka da sabulu har ɗacin goro ya fita. Na wanke tuffa ɗaya da kyau, na raba ta, na cire 'ya'yan, na goge rabi da ɓawonta a ƙaramin kwano. Ƙamshin ya cika tsakar gida, kuma ko a lokacin sai da na ji haushin daɗinsa. Na kai wa Inna, na ce ga shi. Ba ta motsa ba. Gwaggo ta karɓe kwanon daga hannuna.

"Tashi ki ci, ni na kawo. In kin mutu da wa zan yi gulma?"

Ta tashi ta ci, cokali bayan cokali, tana juya shi a baki. Ta sha ruwan ɗumi a kai. Da yamma na goge ɗaya rabin, Gwaggo ta miƙa.

Na nemi gafara a ranar, ba ta amsa ba. Washegari na durƙusa a bakin ƙofa na sake cewa, "Inna, ki yahe mani." Ta ci gaba da jan tasbaha. Rashin yabo na saba da shi, amma wannan shirun daban ne. Inna ta tsufa, tana da tansiyo, kuma kowace safiya da na nufo gidan sai in shiga tunanin idan na tarar an rufe ta da zane ba ta ce ta yafe ba, ina zan sa kaina.

A rana ta biyu Auta ta kira a salulata, na miƙa wa Inna. Ina jin muryarta tana tambayar sauran nawa.

"Sun lalace, Auta. Na jiƙa su kamar goro. Kaɗan munka tsamo, ina ci."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta sa ni ciki ba. Sai kuma ta shiga sa mata albarka, ni kuwa, da duk abin da ke kaina, sai da na ji tsohon abin nan ya motsa. Na karɓi salula na fita zaure, na gaya wa Auta komai da bakina.

"Yaya, ni kinka yi ma ko Inna?"

"Ban sani ba."

"To, in kin sani ki kira ni."

Ta kashe.

A rana ta uku cikin Inna ya saki. Ba zan ce tuffa ce kaɗai ba, don na ƙara mata ruwan sha, na yi mata miyar kuka mai ruwa-ruwa, ga tsamiya. Amma ta samu sauƙi, ta fito tsakar gida ta zauna a inuwar darbejiya, ta sha kunu har ta nemi ƙari wajen Gwaggo.

A rana ta huɗu ina zaune a gefen Inna da Gwaggo ina goge tuffar da ke kusa da ta ƙarshe. Tsakanina da Inna bai fi kamu biyu ba. Ta gyara zama, ta dubi Gwaggo.

"Ki ce ma waccan na yahe."

Gwaggo ta juyo gare ni da dukan jikinta, kamar wadda aka aika wani gari. "An ce a ce maki an yahe."

Na sunkuyar da kai. Magogin ya kankare mani ɗan yatsa.

"Ki ce mata kuma ta rage laushin gugar nan. Ba jinjiri ce ni ba, ina son in ji abu a baki."

"An ce ke cika laushi."

"Na ji, Gwaggo."

"To amsa mata mana, ni ba tarho ba ce."

Na ce, "Na gode, Inna." Ta miƙo hannu, wannan karon wajena, ta karɓi kwanon.

Auta ta yi mako uku ba ta ɗauki kirana ba. Da ta ɗauka muka yi maganar yara da tsadar shinkafa, tambayarta kuwa har yau ban amsa ba, ita ma ba ta sake yi ba. Yanzu idan mijina zai shiga Konni ranar kasuwa nakan ce ya taho da uku ko huɗu, in ajiye su a kwando a ɗakina inda iska ke ratsawa, in kai wa Inna rabi da safe bayan ƙwaya. Ta san daga ina suke zuwa. Jiya ma wata baƙuwa ta tarar tana ci, ta tambaye ta mene ne, Inna ta ce maganin Auta ne. Na yi istigfari a zuci, na tambayi baƙuwar ko in goga mata ɗaya rabin.